Yadda Ake Harhaɗa Ƙaramin Jirgin Sama A Gida Har A Tashe Shi

Akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce sayar da jirgin sama a wargaje. Sai su aiko maka da manyan akwatunan katako, ciki akwai fallayen alminiyam da aka riga aka yanka aka lanƙwasa, da ƙullin ƙusoshi da notuna iri-iri, da zane da littafin umarni. Kai kuma ka shiga garejinka ka yi ta haɗawa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da abin zai tsaya da tayoyinsa. Harkar ta daɗe. Tun 1953 Paul Poberezny ya kafa EAA, ƙungiyar masu ƙera jirgi a gida a Amurka, kuma duk watan Yuli dubban jirage ke sauka a garin Oshkosh don taronta. Kamfanin Van's na jihar Oregon kaɗai, jiragensa samfurin RV sama da 10,000 ne mutane suka haɗa da hannunsu suka tashe su.

Sabon shiga yakan ɗauka aikin ƙarfen ne abin tsoro, wai ina zai iya buga dubban ƙusoshi ba kuskure. Wannan kam hannu yana koya cikin 'yan makonni. Inda ake samun matsala daban yake. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto a 2012 a kan jiragen ƙirar gida. Ta ce su ne kusan kashi 10 cikin 100 na jiragen ƙasar da ba na kamfanonin fasinja ko na soja ba, amma a 2011 kusan kashi 21 cikin 100 na haɗurran da aka rasa rai a cikinsu suka faru. Manyan dalilan biyu ne: inji ya mutu a sama, ko jirgi ya ƙwace wa matuƙi. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan hanyar mai, da awon nauyi, da shirin wanda zai tuƙa.

Fara da doka

Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar da za ka yi wa jirgin rajista, ka tambaye ta ko tana karɓar jirgin ƙirar gida, da irin dubawar da take so a yi yayin aiki. Kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, ta ce dole ne mai jirgin, shi kaɗai ko da wasu 'yan sa-kai, su yi mafi yawan aikin da hannunsu, don neman ilimi ko nishaɗi. Ita ce ake kira dokar kashi 51. A can sau ɗaya hukuma ke dubawa, bayan an gama. A Birtaniya kuwa ƙungiyar masu ƙananan jirage, LAA, ce ke turo mai dubawa mataki-mataki, a Kanada ma ba ka da ikon rufe fiffike sai an leƙa cikinsa. Wanda ya rufe kafin a duba, buɗewa za a sa shi ya yi. Kuma kusan ko'ina ba a yarda a yi haya da irin wannan jirgi ba, ba ɗaukar fasinja ko kaya don kuɗi.

Daga ranar farko ka buɗe kundin aiki. Rubuta kwanan wata, da abin da ka yi, da awoyin da ka ɗauka, ka haɗa da hotuna, kai ma ka riƙa fitowa a ciki kana aikin. Shi ne shaidarka ranar da za a tambayi wa ya ƙera.

Zaɓen jirgi

Tambayi kanka abin da za ka riƙa yi da jirgin a yawancin ranaku, ka bar batun doguwar tafiyar da wataƙila sau ɗaya za a yi ta a shekara. Mutum nawa za ka ɗauka? Wane irin fili ke kusa da kai, kwalta mai tsawo ko ɗan gajeren fili na ciyawa? Mai son tafiya da sauri, shi da mutum ɗaya, yakan duba RV-7 ko RV-14. Mai iyali yana da RV-10 mai kujera huɗu, ko Sling TSi na Afirka ta Kudu. Mai gajeren fili ya duba CH 750 na kamfanin Zenith, ko Kitfox wanda fikafikansa ke naɗewa a ja shi a tirela.

Kayan ƙirar ma sun bambanta. RV da Zenith da Sling na alminiyam ne. Kitfox ƙashinsa bututun ƙarfe ne da kamfani ya riga ya yi wa walda, kai za ka lulluɓe shi da yadi na musamman, ka bi shi da dutsen guga mai awon zafi har ya ɗame, sannan ka shafe shi. Akwai kuma na faiba da gam, masu santsi da gudu, amma gogewar da suke ci ba kaɗan ba ce, ga ƙura, ga gam ɗin da wasu jikinsu ba ya so. A ganina mai farawa ya ɗauki samfurin da ɗaruruwa suka riga suka gama, don duk inda zai maƙale wani ya taɓa maƙalewa a nan ya kuma bayyana mafita. Kafin ka yanke shawara, nemi mai irin jirgin ya ɗaga ka a ciki. Wani jirgin kyan hoto gare shi, sai ka zauna ka ji kafaɗarka ba ta da wurin motsi.

Batun kuɗi, kada farashin akwatunan ya ruɗe ka. Inji da farfela da na'urorin gaban matuƙi da fenti da kayan aiki sukan haɗu su zarce kuɗin jikin jirgin nesa. Lokaci kuma, ƙaramin jirgi irin RV-12 yana cin ƙasa da awa 1,000, manya su ci 2,000 ko fiye. Mai ba aikin awa 10 a mako, awa 2,000 shekara huɗu ke nan. Ka zauna da mutanen gidanka a kan wannan lissafin tun yanzu.

Wurin aiki

Gareji mai cin mota biyu ya isa yawancin aikin, kuma na jikin gida ya fi rumfar filin jirgi, don abin da ke kusa shi ake taɓawa kullum. Kana buƙatar haske sosai, da teburi biyu masu ƙwari da shimfiɗar da ba ta karkace ba, da kwamfiresa. Auna ƙofa tun kafin gangar jikin ta girma ta ƙi fita. Kayan hannu na jirgin alminiyam su ne na'urar huda mai aiki da iska, bindigar ribit ta buga ƙusa da dunƙulen ƙarfen da ake tokarewa da shi, matsi na hannu, abin kankare bakin rami, magagari, sufana mai awon ɗauri, da ɗaruruwan Cleco, wato 'yan maƙalai masu sifirin da ke riƙe falle biyu ta cikin rami kafin a buga ƙusa. Sayi abin toshe kunne da tabarau. Bindigar ribit tana da ƙara, maƙwabta ma za su san ka fara.

Akwati na isowa, ƙirga kowane abu da takardar da ta zo da shi, don kamfanoni wa'adi suke bayarwa na kai ƙorafin abin da ya ɓace. Zuba ƙusoshi da notuna a 'yan kwalaye, kowanne da lambarsa.

Jela, da koyon buga ƙusa

Da jela ake farawa, don ita ce mai arha. In ka ɓata wani yanki, sake sayensa ba zai karya ka ba. Kafin ita ma, ɗauki tarkacen falle ka yi ta gwaji.

Ga yadda ake haɗa falle biyu. Ka jera su ka maƙale da Cleco. Ka bi ramukan da bakin huda na daidai: ƙusa mai kaurin 3/32 na inci tana son baki mai lamba 40, mai kaurin 1/8 tana son lamba 30. Sai ka warware komai, ka kankare kaifin da huda ta bari a bakin kowane rami, gaba da baya. Juyi ɗaya ko biyu da hannu ya isa, in ka zarce ka faɗaɗa ramin. Wannan shi ne aikin da ya fi gundura, shi ne kuma wanda bai kamata a tsallake ba, domin daga irin wannan kaifin tsaga ke farawa bayan shekarun girgiza. In ƙusar mai shafaffen kai ce, wadda ke kwanciya daidai da fatar jirgi, sai a lotsa bakin ramin ya karɓe ta. A shafa maganin tsatsa a inda littafi ya ce, a sake jerawa, sannan a buga.

Bugun mutum biyu ya fi daɗi. Ɗaya ya ɗora bindiga a kan ƙusar, ɗaya ya tokare ƙafarta da dunƙulen ƙarfe ta ciki, a sake wuta na kamar daƙiƙa ɗaya. Ƙafar za ta taru ta zama ɗan faifai. Faɗinsa ya kai kaurin ƙusar sau ɗaya da rabi, tsayinsa rabin kaurinta. Akwai ɗan ma'auni da ake ɗorawa a gani. Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kuma kada ya gaza kaurin ƙusar sau biyu. In ƙafa ta kwanta gefe ko ta tsage, huda kan ƙusar kaɗai ka ɓalle shi, ka tura sauran da ɗan tsinken ƙarfe. Amma wadda muni kawai ta yi, awonta kuma ya cika, ƙyale ta. Cirewa takan lalata rami fiye da yadda munin ya lalata ƙusar. Zenith da Sling da RV-12 sun rage wannan wahala, don yawancin ƙusoshinsu na ja ne, mutum ɗaya ke sa su ta gefe guda.

Da ka gama yankin farko, kira wanda ya taɓa gama jirgi ya duba. EAA tana da irin waɗannan masu ba da shawara kyauta. Gara a gyara maka hannu a ƙusa ta 200 da a ta 8,000.

Fikafikai, tanki, gangar jiki

Daga nan aikin maimaici ne, sai dai girma. Abin lura a fiffike shi ne kada ya murɗe, don haka ka riƙa aunawa da igiyar gini da ma'aunin ruwa kafin ka rufe fata. Babban ƙashin fiffike ba a yi masa rami ko karce a inda zane bai ce ba. In hakan ta faru, ɗauki hoto ka aika wa kamfanin, su za su ce a gyara ko a sake.

A jirage da yawa tankin mai wani sashe ne na fiffike, ana liƙe gaɓoɓinsa da wani baƙin gam mai wari da naci. Goge wurin tas da sinadarin cire maiƙo kafin ka shafa, ka auna haɗin gam ɗin a sikeli. Bayan ya bushe sai gwajin yoyo: toshe duk ƙofofi, ɗaura balan-balan a bututun numfashin tankin, hura iska kaɗan da famfon keke, ka bi kowace ƙusa da ruwan sabulu. Kumfa na nufin yoyo. Kada ka kuskura ka jona kwamfiresa, iska kaɗan ce ke kumbura tanki ta ɓata shi.

Noti da ƙusa mai zare na jirgi daban suke da na kasuwa, kada ka musanya ko da sun yi kama. Kowanne da ƙarfin ɗaurinsa, kuma bai kai yadda hannu ke zato ba, shi ya sa sufana mai awo ta zama dole. Zare aƙalla ɗaya ya leƙo bayan noti. Duk wanda ka ɗaure ɗaurin ƙarshe, ɗiga masa fenti mai haske, don wata shida nan gaba ba za ka tuna wanne ka ɗaure wanne ka ɗana kawai ba. Inda aka ce a sa wayar kulle, a murɗa ta yadda za ta riƙa jan ƙusar wajen ɗauri. Murfin gilashin matuƙi kuwa roba ce mai tsagewa cikin sanyi, sai ɗaki ya yi ɗumi ake yanka ta, a kuma huda ta da bakin da aka yi don huda roba.

Ka guji gyara wa mai zane aikinsa. A 1997 wani jirgi samfurin Long-EZ ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, matuƙinsa ya rasu. Bincike ya nuna wanda ya ƙera jirgin ya ɗauke makunnin sauya tanki daga inda zane ya sa shi, ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Sabon mai jirgin ya juya zai kai hannu, jirgi ya ƙwace. Canjin da ka ga ƙarami ne a gareji, a sama yake nuna girmansa.

Inji, mai da wuta

Ranar da jirgi ya tsaya da tayoyinsa za ka ji kamar an gama. Masu harkar suna da zolaya a nan, wai an ci kashi 90, saura kashi 90. Abin da ke gaban katangar wuta, wato bangon ƙarfen da ya raba inji da wurin zaman matuƙi, da wayoyi da ƙananan gyare-gyare sukan ci lokaci kamar jikin gaba ɗaya.

Ɗauki injin da mai zane ya tsara jirgin a kansa. Ƙananan jirage yawanci Rotax 912 suke ɗauka, ƙirar Ostiriya, mai ƙarfin doki 80 ko 100, yana shan fetur na mota mai kyau. Manya kuma Lycoming, O-320 mai doki 150 ko 160, ko O-360 mai doki 180, masu shan shuɗin man jirgi 100LL. Akwai masu juya injin mota su sa, amma wannan gwaji biyu ne a lokaci guda, sabon jirgi da sabon tsarin inji. Ban ba mai farawa shawarar haka ba.

Hanyar mai ita ce inda za ka sa ido fiye da ko'ina. Kowane tiyo ya zama na jirgi, wanda ke gaban katangar wuta a sa masa rigar kare wuta, a nisanta shi da salansa, don zafi kan tafasa fetur a cikin bututu ya zama tururi, famfo ya rasa abin ja. Kada ka naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo a zaren mahaɗar mai, gutsurensa kan tafi ya toshe kafireto. Wanke tankuna da fetur sau da yawa ta cikin matata, za ka sha mamakin ɓarɓashin alminiyam da gam da zai fito. Tabbatar bututun numfashin tanki a buɗe yake, don zanzaro kan gina a ciki, tankin da ba ya shaƙar iska kuma ba ya ba da mai.

Sai gwajin kwararar mai, wanda ba a tashi sai an yi shi. Ɗaga hancin jirgi ya tsaya kamar yana hawa mafi tsanani, zuba mai kaɗan a tanki, cire tiyo daga bakin kafireto ka sa a jarka mai awo, ka duba agogo. In mai da kansa yake gangarowa daga fiffiken sama, ana son ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha a cikakken ƙarfi. In famfo ke turawa, kashi 125. A ce injinka lita 60 yake sha a awa: na gangara ya ba da lita 90, wato lita ɗaya da rabi a minti, na famfo ya ba da 75. Yi wa kowane tanki daban, a waje, da abin kashe gobara a kusa.

Wayoyin wuta a yi amfani da na jirgi, masu rigar da ba ta saurin ci. Kowace da fis daidai kaurinta, da lamba a bakinta biyu, a ɗaure ta kada ta goga da kaifin ƙarfe. Zana taswirarsu ka adana.

Awon nauyi

Bayan an sa komai, har fenti in za a yi, sai a hau sikeli. Ana yi a cikin rumfa inda ba iska, tanki ba mai, jirgi a daidaice yadda littafi ya ce, kowace taya da sikelinta. Abin da ake nema nauyi ne da kuma cibiyarsa, wato wurin da nauyin gaba da na baya suka daidaita. Ga misali da ƙagaggun lambobi, ana awo daga tsinin hanci. Tayar gaba ta nuna kilo 120 a nisan mita 1.0, in ka ninka 120 ke nan. Tayoyin baya biyu sun haɗu kilo 380 a mita 2.25, ya ba da 855. Jimilla 975, raba da kilo 500, cibiya tana mita 1.95. Ƙara matuƙi mai kilo 80 a mita 2.45 da mai kilo 70 a mita 2.05, jimilla ta koma 1,314.5 a kan kilo 650, cibiya ta matsa baya zuwa kusan mita 2.02. Haka za ka yi wa kowane irin lodi, har da mafi muni: fasinja mai jiki, kaya a baya, mai ya kusa ƙarewa. Duk su faɗa cikin iyakar da mai zane ya bayar. Cibiya in ta yi gaba da yawa, hanci zai ƙi ɗagawa wajen sauka. In ta yi baya da yawa ya fi haɗari, don jirgi kan ɗaga hanci da kansa, in ya shiga juyin da yake wulwulawa yana faɗowa kuma yana iya ƙin fita.

Leɓunan da ke motsi a fiffike da jela su ma a jirage da yawa ana daidaita nauyinsu da dalma, kuma fenti yana canja shi. Wanda bai daidaitu ba yana iya kama karkarwa a cikin gudu, ta yaga shi cikin daƙiƙoƙi.

Dubawa da takardu

Kafin mai dubawa na hukuma ya zo, tara mutum biyu ko uku da suka san jirgi, ka ba kowa tocila da madubi, ka buɗe duk murafu ka koma gefe. Idon da ya shekara huɗu yana kallon abu ba ya ganin notin da babu. Zauna a kujera, wani ya tsaya a waje yana faɗin abin da ya gani: sandar tuƙi ta yi dama, leɓen fiffiken dama ya tashi na hagu ya sauka, sanda ta yi baya, leɓen jela ya tashi. An sha haɗa waɗannan a juye. A Amurka ana buƙatar rajista, da farantin ƙarfe mai jure wuta ɗauke da sunan maƙeri da lambar jirgi, da kalmar EXPERIMENTAL a rubuce kusa da ƙofa, da gargaɗi ga fasinja cewa jirgin ƙirar gida ne. In an gamsu sai a ba ka takardar izinin tashi da sharuɗɗanta. Nemi inshora tun kafin wannan rana.

Wa zai tuƙa?

Nan ne son zuciya ke shigowa. Mutum ya shekara huɗu ko biyar yana gini, kuɗin da zai yi hayar jirgi duk sun tafi sayen kaya, hannunsa ya yi sanyi, amma yana ganin ba wanda ya cancanci tashin farko sai shi. Lasisi a aljihu bai wadatar ba. Koma wurin malami ka sabunta hannu, sannan ka nemi horo a irin samfurin da ka ƙera, don waɗannan jirage sun fi na makaranta jin sanda, ɗan taɓi kaɗan suke amsawa. In mai ƙaramar taya a jela ne, wannan ma karatu ne na daban. In har yanzu kana jin shakka, ba wa gogaggen matuƙin gwaji ya yi tashin farko, ba abin kunya ba ne. Shi in inji ya mutu ransa zai ceta. Kai kuwa zuciyarka tana iya raya maka ka ceci jirgin. Tun 2014 Amurka ta kuma halatta a ɗauki ƙwararren matuƙi na biyu a lokacin gwaji, bisa sharuɗɗa.

Tayar da inji a ƙasa da jirgi a ɗaure, wani na tsaye da abin kashe gobara. In agogon matsin baƙin mai bai motsa ba cikin daƙiƙa 30, kashe. Sabon Lycoming ba ya son doguwar zama a ƙasa, don ringinsa sai da aiki mai ƙarfi a sama suke zama daidai, kamfanin ma cewa ya yi a riƙe shi a kashi 65 zuwa 75 na ƙarfinsa a awoyin farko. Gwada birki da juyawa a hankali. Gudu mai ƙarfi a titin jirgi ba niyyar tashi, masana sun rabu a kansa, don jirgi kan tashi ba shiri. In za ka yi, shirya kamar tashi za ka yi.

Ranar tashin farko

Zaɓi safiya mai sanyi, ba iska, da titi mai tsawo wanda ke da fili a gabansa. Kada ka gayyaci jama'a. Taro yana sa mutum ya tashi da jirgin da ya kamata ya mayar rumfa, alhali da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mutum biyu ko uku sun isa: mai rediyo, mai mota da abin kashe gobara. Zuba man da zai kai awa biyu, kada ka cika tanki. Rubuta tsarin tafiyar a kati ka ɗaure a cinya.

Tun kana ƙasa ka yanke abin da za ka yi in inji ya ɗauke. In da sauran titi, sauka a kai. In ka wuce titi kuma ba ka kai tsayin da kuka tsayar da malaminka ba, sunkuyar da hanci nan take ka sauka a abin da ke gabanka. Juyowa filin jirgi daga ƙasa-ƙasa ya kashe matuƙa da yawa.

Tura wuta, wato ƙarfin inji, a hankali har ƙarshe, leƙa juyin inji da awon baƙin mai da na gudu. In ɗaya bai yi ba, janye wuta ka tsaya. In ka tashi, yi ta hawa kana zagaye filin har kamar mita 1,000 zuwa 1,500, inda ko inji ya mutu za ka sulalo ka iso titi. Sa ido a zafin silinda. Gwada juyi marasa tsanani, ka lura ko wani fiffike yana rinjaya, abu ne da aka saba gani kuma ana gyara shi a ƙasa. Sannan rage gudu sannu a hankali har ka ji jirgi ya fara rawar da ke nuna fiffike ya kusa daina ɗauka. Duba abin da agogon gudu ya nuna ka mayar da wuta. Wannan lamba ninka ta da 1.3, wasu su kai 1.4 a ranar farko, shi ne gudun da za ka tunkari titi da shi, ko da agogon naka yana da kuskure. In saukar ba ta daidaitu ba, ƙara wuta ka sake zagayowa. Minti 30 zuwa 45 ya wadatar. Bayan sauka cire murfin inji ka bi komai da ido da hannu, kana neman ɗigon mai, da abin da ya goga, da abin da ya saki.

Awoyin gwaji

A tsarin Amurka jirgi zai yi awa 40 a yankin da aka keɓe masa, ba fasinja, ko awa 25 in injin da farfelar haɗi ne mai takardar amincewa. Tun 2023 an ƙara zaɓin bin jerin gwaje-gwaje har a kammala su maimakon ƙirga awoyi. Ko wanne ka bi, kowane tashi ya zama da tambaya guda da zai amsa. Yau gudun da ya fi saurin hawa, gobe gudun da ya fi nisan sulalowa ba inji, jibi yawan man da ake sha a kowane ƙarfi. Agogon gudu a gwada shi da GPS ta fuskoki uku ko huɗu don a cire tasirin iska. Gudu mafi girma ana matsarsa kaɗan-kaɗan, a sama sosai, cikin iska mai kwanciya. Nauyi ma haka: buhunan yashi a kujerar fasinja, a ɗaure tamau, ana ƙarawa a hankali har a kai cikakken lodi da iyakar cibiya ta baya. Lambobin da ka tara su ne littafin tuƙin jirginka, don ba jirage biyu na gida da suke fitowa daidai da juna.

A waɗannan awoyi ka riƙa buɗe matatar mai akai-akai, datti na ƙarshe yanzu yake fitowa. Canjin baƙin mai na farko a yi shi da wuri, a yanka filtar a duba ko da ɓarɓashin ƙarfe. In an kammala sai ka rubuta a kundin jirgi cewa ya ci gwaji, daga nan ka iya ɗaukar fasinja. Duk shekara akwai cikakkiyar dubawa, kuma a Amurka wanda ya ƙera yana iya neman takardar da za ta ba shi ikon yin ta da kansa, a wannan jirgin kaɗai. In daga baya ka yi babban canji, kamar sabuwar farfela ta wani samfuri, jirgin zai koma yankin gwaji na aƙalla awa 5 kafin wani ya sake shiga kujerar gefe.